Maigida ya ce in goge lambar abokin karatuna, shi kuwa yana hira da mata

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce, shekarata 6 a ɗakin mijina, yarana biyu, ina koyarwa a wata makarantar sakandare. Akwai wani ɗan ajinmu tun muna jami'a, mutumin kirki ne, shi ma yana da iyali. Ya taimaka mini sosai lokacin karatu, kuma shi ya yi mini hanyar aikin da nake yi yanzu. Muna gaisawa a WhatsApp, wani lokaci hira ta yi tsawo, in raina ya ɓaci a gida nakan gaya masa ya ba ni shawara. Wallahi ban taɓa jin komai game da shi ba, kamar yayana na ɗauke shi. Kwanaki maigida ya ga hirarmu, ya ce in goge lambarsa. Abin da ya fi ƙona mini rai, shi ma yana hira da matan ofishinsu har dare, in na yi magana ya ce shi namiji ne, mijin mace huɗu. Shin laifi ne matar aure ta yi aboki namiji in dai zuciyarta ɗaya? Kuma adalci ne a hana ni abin da shi yake yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambaya biyu kika haɗa, ta farko a kan zumuncinki da wannan bawan Allah, ta biyu a kan halin maigidanki. Zan raba su, domin a zaman sasanta ma'aurata da nake yi na ga yadda haɗa su ke hana kowacce warwarewa. Kuma tun daga farko ki sani na yarda da rantsuwarki. Yawancin matan da suka zo mini da irin wannan magana gaskiya suke faɗa, babu wata soyayya a ransu. Sai dai a cikin saƙonki akwai jimla ɗaya da ta fi sauran nauyi, wato inda kika ce in ranki ya ɓaci a gida kikan gaya masa. A kanta amsata za ta fi tsayawa.

Yadda muka tsinci kanmu a nan

Kakanninmu mata ba su yi wannan tambaya ba, saboda tsarin gidan ya riga ya amsa musu. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa zaure, ya yi sallama, a aiko yaro, a miƙo ruwa. Mace tana da ƙawayenta da aminiyarta, namiji yana da abokansa a majalisa. Ko wasan da al'ada ta yarda da shi tsakanin mace da namiji, irin na taubasai da na ƙanin miji, a tsakar gida ake yinsa a gaban mutane. Daga baya karatun boko ya haɗa mu aji ɗaya, bautar ƙasa da aka fara a 1973 ta kai 'ya'yanmu garuruwan da ba su san kowa ba sai abokan hidima, ofis da asibiti da makaranta suka zaunar da mace da namiji a ɗaki ɗaya daga safe zuwa la'asar. Sannan wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, WhatsApp ya biyo baya. Waya kuwa ba ta tsayawa a zaure. Mutumin da ba zai taɓa taka ƙofar falonki da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba, saƙonsa yana isowa har kan gadonki a daidai wannan lokaci, kuma babu wanda ya ji sallamarsa.

Ba ina kukan zamani ba ne. Ni ma na yi karatu da maza, na yi aiki da su, kuma akwai waɗanda har gobe ina yi musu addu'a saboda alherinsu. Abin da nake nuna miki shi ne, iyakar da a da gini yake tsare wa mace, yau ita za ta tsare wa kanta.

Abin da addini ya faɗa

Musulunci bai hana mace magana da namiji ba. Sahabbai maza sun ɗauki ilimi wurin Nana A'isha, mata sun yi tambaya a gaban Manzon Allah (SAW), sun yi ciniki, sun yi jinyar waɗanda suka ji rauni a fagen yaƙi. A ƙasarmu ma Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi musayar rubutu da malamai maza na zamaninta. Don haka gaisuwa da abokin aiki, tambayar shugaban makaranta, yi wa ɗan ajinku ta'aziyya, duk wannan mu'amala ce, babu mai hankalin da zai kira ta laifi.

Abin da aka gyara shi ne yadda za a yi maganar. A Suratul Ahzab, aya ta 32, Allah ya ce wa matan Annabi kada su sassauta murya har wanda yake da cuta a zuciyarsa ya yi kwaɗayi, su faɗi magana ta alheri. Ki lura da inda ayar ta ajiye haɗarin. Ba ta tuhumi zuciyar mai maganar ba, su wa suka kai Iyayen Muminai tsarkin zuciya? Zuciyar mai sauraro ta ambata, ita kuwa ba ki da hanyar leƙa ta. Kin rantse a kan taki zuciyar, na kuma yarda, amma ba za ki iya rantsewa a kan tasa ba. Wani bincike da aka buga a 2012 daga wata jami'a a jihar Wisconsin ta Amurka ya tara maza 88 da mata 88, kowane namiji da ƙawarsa, aka tambaye su a ware. Sai aka tarar mazan sun fi matan jin sha'awar abokan nasu, kuma mazan suna zaton matan ma haka suke ji, su kuwa matan suna zaton tunda su ba sa jin komai, mazan ma haka ne. Ɗalibai ne a wata ƙasa mai wata al'ada, ba zan ɗora wa abokinki hukuncinsu ba. Amma abin ya yi daidai da abin da nake gani a zaman sulhu: sau da yawa mace tana cewa "yayana ne", shi kuwa bai taɓa ɗaukarta ƙanwa ba.

Sai maganar keɓewa. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito sananne ne, cewa namiji ba zai keɓe da mace ba face Shaiɗan ne na ukunsu. A Bukhari da Muslim kuma, da aka tambayi Annabi (SAW) game da ɗan'uwan miji, sai ya ce shi ne mutuwa. Me ya sa aka tsananta a kan wanda ya fi kowa kusa? Saboda shi ne wanda ba a zargi, shigarsa ba ta ɗaga wa kowa gira. Abokin da aka saba da shi tun jami'a, wanda aka san kirkinsa, a wannan layin yake. Malamai suna da magana a kan ko hirar waya ta kai matsayin keɓewar da fiƙihu yake nufi, tunda jiki bai haɗu da jiki ba, kuma wannan fagensu ne. Ni abin da na sani daga aikina shi ne hirar mutum biyu da babu na uku, a lokacin da kowa ya yi barci, tana gina irin sabon da zaman ɗaki ɗaya yake ginawa, wani lokaci ma fiye, domin abin da baki yake jin nauyin faɗa yatsa ba ya jin nauyin rubutawa.

Inda gizo yake saƙar

Akwai wasu ma'aurata da suka zauna a gabana a kan magana irin taki. Matar ta miƙo wayarta da kanta, ta ce in karanta duka, in na ga kalmar batsa ɗaya ta yarda a sake ta. Na karanta, babu. Gaisuwa ce, da labarin yara, da hotunan biki. Mijin bai ce uffan ba har na gama, sannan ya karɓi wayar, ya yi ta ja da yatsa har ya tsaya a kan wani layi, ya juyo mini da ita. Abin da ta rubuta shi ne: "Yau ma ya fita bai bar kuɗin cefane ba, na gaji wallahi." A ƙasa abokin ya amsa: "Mace kamarki ba ta cancanci haka ba." Mijin ya ce, muryarsa tana rawa, a watan nan aka riƙe musu albashi, kuma ko mahaifiyarsa bai gaya wa ba, ashe wani ƙato a wani gari ya san abin da ke cikin tukunyarsa.

Wannan shi ne ciwon. Namiji yana iya haƙuri da gaisuwa, amma sanin cewa wani namiji yana riƙe da asirin gidansa, ya san ranar da ya gaza da ranar da ya yi faɗa, abu ne da yake taɓa mutuncinsa a wurin da ba ya warkewa da wuri. Ke ma ki auna, da za ki ga ya rubuta wa wata a ofis cewa girkinki ya ishe shi, ita kuma tana lallashinsa.

Bayan zafin da miji yake ji, akwai abin da hirar take yi wa ita matar ba ta sani ba. Abokin yana jin ɓangare ɗaya ne kawai. Ba ya biyan kuɗin makaranta, ba ya kwana da yaro mai zazzaɓi, ba ya ganinki da safe kafin ki wanke fuska. Sauraro kawai yake yi na minti goma ya faɗi magana mai daɗi, shi ya sa kullum shi ne mai fahimta, maigida kuma kullum shi ne mai laifi. Yau da gobe sai zuciya ta fara gwada su, gwajin da babu mijin da zai ci shi. Kuma damuwar da ya kamata ta fito a ɗaki a yi ta ta ƙare, an riga an sauke ta a waya, an sami sauƙi, sai a daina neman gyara. Na ga auren da ya mutu ta wannan hanya ba tare da an taɓa ko riƙe hannu ba.

Shari'a ta san wannan ƙofa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce ba ya tare da mu wanda ya ɓata mace ga mijinta. Malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasarmu, sun tsananta har suka ce wanda ya zuga mace ta fito daga gidan mijinta don ya aure ta, a raba auren nasu. Ban ce abokinki yana da wannan niyya ba. Amma mutumin kirki ma, in kullum ana kawo masa ƙarar miji yana cewa "ki yi haƙuri, bai san darajarki ba", yana iya yin ɓarnar da bai ƙudurta ba.

Kishin maigida

Kishi iri biyu ne, kuma hadisin da Abu Dawud da Nasa'i suka kawo ya raba su: akwai wanda Allah yake so, shi ne kishi a inda akwai abin shakka, akwai wanda Allah yake ƙi, shi ne kishi ba gaira ba dalili. Mijin da ya ga matarsa tana kai wa wani namiji kukanta, bai yi kishin banza ba.

Ina son labarin Asma'u 'yar Abubakar a nan. Tana ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gonar mijinta Zubairu, mai nisa da gari, sai Manzon Allah (SAW) ya gamu da ita tare da wasu sahabbai, ya durƙusar da raƙuminsa don ta hau. Ta ji kunyar tafiya cikin maza, ta kuma tuna kishin Zubairu, sai ba ta hau ba. Wanda ya yi tayin shi ne mafi tsarkin halitta, kuma mijin ƙanwarta A'isha ne, babu ko ƙurar zargi. Duk da haka ta duba zuciyar mijinta. Da ta ba Zubairu labari, sai ya ce ɗaukar kayan da take yi a ka ya fi masa ciwo a kan hawan. Ita ta kiyaye kishinsa, shi kuma ya ji tausayin wahalarta, kuma da waɗannan biyun gida yake tsayawa.

Ba ki faɗi yadda ya ga hirar ba. In bincike ya shiga yi miki a ɓoye, wannan ma ba daidai ba ne, Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana zato da bin diddigi, kuma Muslim ya ruwaito hani ga namiji ya faɗo wa iyalinsa da dare don neman kama su da laifi. Sai dai kuskurensa wurin dubawa bai goge abin da ya gani ba.

"Mijin mace huɗu"

Yanzu tambayarki ta biyu, kuma a nan gaskiya tana wurinki. Wannan magana da maza suke fakewa da ita tana ɓata mini rai, saboda an ɗauki izinin aure an mai da shi izinin hira. Ayar da ta halatta mata huɗu a Suratun Nisa'i aure ta halatta, mai waliyyi da sadaki da shaidu, da sharaɗin adalci. Kafin a ɗaura, matar ofis bare ce gare shi kamar yadda ɗan ajinku yake bare gare ki. Umarnin runtse ido a Suratun Nur da maza aka fara, aya ta 30, kafin a zo kan mata a ta 31. Hadisin keɓewa ma da namiji ya fara. In aure yake nema, ƙofar gidan iyayenta a buɗe take, ya je da rana. In ba aure yake nema ba, yana ɓata wa 'yar mutane lokaci yana ƙona zuciyar matarsa. In kuwa cikin waɗanda yake hirar da su akwai matan aure, to yana yi wa wani abin da ya ƙi a yi masa.

Manzon Allah (SAW) yana i'itikafi, matarsa Safiyya ta ziyarce shi da dare, ya fito raka ta. Wasu mutum biyu daga Ansar suka gan su suka ƙara sauri, sai ya tsayar da su ya ce Safiyya ce 'yar Huyayyu, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya. Wanda ya fi kowa nisa da zargi ya tsaya ya wanke shakka daga zukatan mutanen da ba su ma tambaya ba. Ina hujjar mijin da matarsa ta sunna take tambaya ya ce ba ruwanta?

Amma kada ki mai da abin ciniki, ki ce sai ya daina za ki daina. Duk gidan da na ga an yi haka, kowa ya ƙara sa wa wayarsa mabuɗi ne kawai. Ki gyara naki don shi ne daidai, sannan ki tashi maganarsa a wani zama dabam, lokacin da babu sauran abin da zai jefe ki da shi.

Abin da nake ba ki shawara

Hanyar da na fi tsoratar miki ita ce ki ce to a baki, ki ci gaba a ɓoye, ki ajiye lambar da sunan mai ɗinki ko wata ƙawa, kina goge hira kafin ya dawo. Daga ranar da kika fara haka, zumuncin da babu komai a cikinsa ya zama abin da ba za ki iya karewa a gaban kowa ba, har iyayenki.

Ki daina hirar. Ki tura masa saƙo ɗaya gajere, wanda maigida zai iya karantawa, ki gode masa, ki ce daga yanzu duk wata magana ta bi ta hannun maigidanki. Kada ki ce "mijina ya hana ni", domin wannan ma wata ƙarar ce kika kai. In mutumin kirki ne kamar yadda kika faɗa, zai gane nan take, har ya ƙara ganin girmanki. In ya shiga magiya ko ya fara nuna fushi, kin sami amsar da ba ki da ita a da. Tunda maigida ya ce ki goge lambar, ki goge.

Wannan ba butulci ba ne ga wanda ya yi miki hanyar aiki. Ana rama alheri ta ƙofar gida: in matarsa ta haihu ki je barka, in an yi musu rasuwa ku je ta'aziyya da maigida, ki ƙulla zumunci da matarsa in ta karɓa. Na san gidajen da abin ya koma haka, mijin da tsohon abokin karatun suka zama su ne abokan, har sukan haɗu a ɗaurin aure ba tare da matar ta sani ba. Amma wannan sai ƙura ta lafa, kuma sai in maigida ne ya buɗe ƙofar da kansa. Abokan aikinki maza kuwa, maganar aiki a lokacin aiki, abin da za a iya faɗa a zauren malamai na WhatsApp a faɗe shi a can.

Ki shirya wa kewa. Makonnin farko za ki ji hannunki yana neman waya duk lokacin da ranki ya ɓaci, sabo ake yi wa kuka. Kada ki tsorata ki ɗauka soyayya ce ta ɓoye, amma ki gane daga nan girman wurin da ya riƙe. Buƙatar mai sauraro gaskiya ce, ba zan ce ki haɗiye komai ki yi shiru ba, mata da yawa hawan jini ya kama su ta wannan hanya. Ki nemi mace mai hankali mai riƙe sirri, yayarki ko gwaggonki ko wata malama, wadda take son aurenki ya zauna. Kuma ki gwada kai kukan wurin mai shi. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki ce masa: "Na yi abin da ka ce, kuma na gane inda ya yi maka ciwo. Amma abin da ya kai ni shi ne ina rasa wanda zan gaya wa damuwata. Ina so ya zama kai ne." Bayan kwanaki, ki kawo maganar hirarsa ta dare, ki gaya masa yadda take ci miki rai, ba tare da gori ba. In ya ƙi ji, Suratun Nisa'i aya ta 35 ta nuna hanya, a samo mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginki.

Bakinki kaɗai na ji, ban ga hirar ba, ban kuma zauna da maigidanki ba, kuma abin da ya shafi fatawa a kan halinku na musamman malami za ki tunkara da shi. Duk abin da na faɗa na ɗora shi ne a kan cewa mutum ɗaya tak maigida ya hana ki hira da shi, bisa abin da ya gani da idonsa. In kuwa abin ya wuce nan, yana hana ki gaisawa da 'yan'uwanki, yana ƙwace miki waya, yana zarginki da duk namijin da ya gifta, ko ya fara ɗaga miki hannu, to wannan ba kishin da ake lallashi ba ne. Ki sanar da waliyyinki da wuri, in ta kama a je Hisbah ko gaban alƙali. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya muku zuri'a.